Jethro Mai Tartsatsi da Teburin Alhamis

Jethro Maddock ɗan mai kyandir ne. Duk garin Ludlow an san haka, shi kaɗai ne ya yi ta fama ya manta. Gidansu na gangaren kogi, bango ɗaya da majemar da na yi wa aiki shekara arba'in da biyu, a nan ubansa ke narka kitsen tumaki yana tsoma lagwani. In iska ta kaɗo daga wajensu mu toshe hanci, in ta kaɗa daga wajenmu su toshe nasu, ba mai yi wa wani gori. Tare muka tashi. Abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Yana da kai, wannan ba zan hana shi ba. Sai dai tun yana ƙarami idonsa a sama yake. In keken dokin wani babban mutum ya wuce, sai ya tsaya da bokiti a hannu ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Da ya cika shekara ashirin ya ce shi kam ba zai mutu yana warin kitse ba, ya ƙulle 'yan tsummokaransa ya bi masu kora shanu zuwa London. Shekara bakwai ko wasiƙa babu. A cikinsu uban ya rasu, yayarsa Keziah ce ta yi jinya ta yi jana'iza ita kaɗai.

Keziah tare muke aiki. Ita ke cuɗa fatun 'yan awaki cikin alif da gishiri, irin waɗanda ake ɗinka wa manya safar hannu da su. Aikin ya shanye mata tafin hannu, ya bushe ƙamas kamar ɓawon itace, ko ana zafin da kare ke zaro harshe ba ka ganin gumi a cikinsa. Mace ce mai gajeriyar magana, amma in ta yi maka ɗaya sai ka yini kana sosa wurin.

Rana ɗaya sai ga Jethro a bayan amalanken kaya, da akwatuna huɗu, da farar hular gashi a kansa. Keziah na bakin ƙofa tana tankaɗe.

Ya ce, "Yaya, ba ki gane ni ba?"

Ta ce, "Na gane ka mana. Tunkiyar wa ka aske ka ɗora a ka?"

"Wannan gashin doki ne, daga London."

"To Allah ya ba dokin haƙuri. Shigo ka ci abinci."

Daga baya muka ji dako ya yi wa wani malami a can, irin masu tara mutane a gidan shan gahawa suna nuna musu halin iska da ruwa da haske. Shi dai cewa yake ɗalibinsa ne. Da malamin ya mutu aka yi gwanjon kayansa, Jethro ya kwaso abin da kowa ya ƙi. A ciki akwai famfo mai zuƙe iska daga cikin tulun gilashi, amma 'yan fatun cikinsa sun ruɓe. Ya kawo mini ya ce, "Enos, kai ka san fata." Na yanka masa sababbi, na jiƙa su da mai, famfo ya tashi. Tun daga ranar na shiga hidimarsa, ba don ya roƙe ni ba, don ina son ganin ƙarshen abin.

Ya kama ɗakin da ke saman bargar masaukin Zakara Uku, duk ranar kasuwa bayan la'asar. Manoma ke zuwa, da matansu da kwandunan ƙwai, da maƙera, da masu ɗinkin safa. A nan kam, gaskiya ɗaya ce, Jethro ya yi abin kirki. Kafin shi, in ka tambayi dalilin wani abu a garin nan, sai a ce maka haka aka tarar, ko haka ke cikin littafi. Shi kuwa kullum da kalma ɗaya yake buɗe baki: "Kada ku yarda don na faɗa. Littafi ma kada ku yarda da shi. Ku matso ku gani."

Yana da wasu ƙore biyu na tagulla da yake kifa su baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, ya ce a raba. Wat maƙeri da ƙanensa, ƙarti biyu kamar shanun huɗa, suka kama suka yi ta ja har jijiyar wuya ta fito.

Wat ya ce, "Ɗan kitse, danƙo ka shafa musu!"

Jethro ya murɗa wani ɗan makulli, aka ji fuuu, ya miƙa wa wata tsohuwa mai sayar da cuku. Ta raba su da yatsu biyu.

"Ba danƙo ba ne, Wat. Iskar nan da kake shaƙa ce ta danne su. Ta fi ka nauyi."

"Iska ta fi ni nauyi? Ko matata ba ta taɓa raina ni haka ba."

Ɗaki ya ɗauka da dariya, amma kowa ya koma gida da abin a ransa. Jethro ya saki kwabo da gashin kaza cikin dogon gilashin da ba iska, suka faɗi tare. Ya kaɗa ƙararrawa a cikin tulun, muna ganin tana motsi ba ma jin komai. Na san wani manomi da ya koma ya raba gonarsa biyu ya shuka iri biyu, don kawai Jethro ya ce a riƙa gwadawa. Da ya tsaya a nan, da yau ba haka zan ba da labarinsa ba.

Babban abin kallonsa shi ne injin tartsatsi. Ƙwallon gilashi ne kamar kan mutum, an soke shi a sanda, ana juya wata babbar ƙafar keke, igiya na wulwula shi. Sai wani ya ɗora tafin hannu a kan gilashin yana gogarsa. A gefe an rataye bututun tsohuwar bindiga da zaren siliki, bakinsa dab da ƙwallon. In abin ya kankama, duk wanda ya kai yatsa kusa da bututun sai ka ji ƙas, shuɗin tartsatsi ya tsallako ya cije shi. Jethro na kiransa lantarki, mutane na cewa wutar Jethro.

Ni ke juya ƙafar. Hannu kuwa mun gwada na mutane da dama. Na Jethro, in an yi sa'a, yakan ba da ɗan ƙyalli da bai kai na idon kyanwa ba, don shi mai gumin hannu ne. Ranar da Keziah ta kawo mana abinci ta ɗora nata don wasa, tartsatsi ya fito tsawon ɗan yatsa, har Jethro ya faɗi zaune. Ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce ai yau ba laima a gari, shi ya sa. Amma daga ranar bai sake yin wasan ba sai da ita.

Sai dai yana jin kunyarta. Ya sa aka rataya koren zane, aka huda shi, ita tana zaune a baya a kan kujera 'yar tsugunno, hannunta kaɗai ke fitowa. Shi kuma yana gaba yana ɗaga sanda yana jefa kalmomin Latin da ya tsinto a London. Wa zai ɓoye wa mutanen Ludlow hannun Keziah?

Wat yakan ɗaga murya, "Keziah, ina yini?"

Daga bayan zane a amsa, "Lafiya lau, Wat. Ya ƙafar maiɗakinka?"

Jethro ya buga sanda a ƙasa. "Jama'a, a yi shiru, ana ilmi!"

To, a wannan masaukin dai, ta gaba, akwai wani ɗaki mai labulen ƙarammiski da dogon tebur. Duk Alhamis da ƙarfe biyu mutum bakwai ke zama a kansa: Sir Giles Hoptrow mai rabin gonakin ƙasarmu, da Dokta Fewtrell, da limamin coci, da lauya, da wasu uku da ba su da aikin da ya wuce cin gado. Suna kiran kansu masoya ilmi. Ilmin nasu, sun taɓa cinye Alhamis uku suna gardama a kan ko tsattsewa a cikin laƙar kogi take kwana da hunturu. Kogin yana nan ƙasa da tagarsu, amma ba wanda ya jiƙa takalminsa ya je ya duba.

Amma suna da abu ɗaya da Jethro ba shi da shi. A wurin manya, abu bai zama gaskiya ba sai wani mai asali ya gan shi da idonsa ya sa hannu a takarda. Manomi ɗari su gani, ba a gani ba. Mutum bakwai ɗin nan su gani, ko da giya a idonsu, sai a aika London a karanta a gaban masana. Kujera a wannan tebur ita ce abin da Jethro ke so a duniya. Ba mata, ba gida, ba 'ya'ya. Duk Alhamis sai ya sami dalilin bi ta ƙofar, yana tafiya a hankali kamar mai neman abin da ya yar.

A hunturun shekarar da 'yan tawayen arewa suka gangaro har garin Derby, ya ji ƙishin-ƙishin wai a ƙasar Jamus an kunna barasa da tartsatsi, ba wuta ba kyandir. Ya ɗaura ɗamara. Kwana arba'in muna abu ɗaya, ni da ƙafa, Keziah da hannu, shi da cokali. Ya gwada barasa mai sanyi, ya gwada mai ɗumi, ya gwada cokalin ƙarfe, ya gwada na azurfa. Haƙurin wannan aiki yana da shi. Wata safiya mai ƙanƙara, ya kai cokali kusa da bututun, ƙas, sai shuɗin harshen wuta ya tashi a cikinsa. Ya tsaya yana kallo, hawaye na bin kumatunsa. Na ɗauka murnar abin ce. Sai ya ce, "Enos, yanzu dole su ba ni kujera."

Ya yi ta bin Dokta Fewtrell har ya yarda a nuna wa teburin. Doktan ya zo gidan su Jethro da kansa ya ga kayan, yana toshe hanci da hankici, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki. Keziah na zaune tana ferayar albasa, ni ina gyaran igiya.

Dokta ya ce, "Abu ɗaya, Maddock. Shekara ashirin mace ba ta tsallaka ƙofar ɗakinmu ba, in ba mai kawo abinci ba."

"Mai juya ƙafar fa, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni kamar yadda ake duban turmi. "Wannan ai cikin kayan yake. A shigo da shi."

A nan ne ya kamata Jethro ya faɗi gaskiya, ya ce in babu ita babu wuta. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Yayata ai ba wani abu take yi ba, ranka ya daɗe. Hannu kawai take ɗorawa. Hannu kuwa hannu ne. Ilmin yana nan." Ya taɓa hular gashinsa.

Keziah ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ji ko, Enos? Hannu hannu ne." Ta ci gaba da albasarta.

Saura kwana goma. Washegari ya same ni a majema yana raɗa, wai in samo masa safar kwana. Kun san ta, wadda matan manya da samarinsu ke cikawa da man ƙamshi da kakin zuma su kwana da ita, don hannu ya yi fari ya yi laushi, kowa ya san ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba.

Na ce, "Jethro, kai da bakinka kake gaya wa mutane laima da maiƙo su ne maƙiyan tartsatsi."

Ya ce, "Zan wanke ranar. Kana so in cire safa a gaban Sir Giles ya ga hannun lebura?"

"To ko sau ɗaya ka gwada kafin ranar."

"Gilashin zai ɓata mini laushin."

Mutumin da ya shekara biyar yana ce wa jama'a su gwada, shi ne ya ƙi gwada abin da rayuwarsa ta rataya a kai. Na samo masa safar. Ba ni na haife shi ba.

Alhamis ta zo da narkewar ƙanƙara da yayyafi. Na ɗauko kaya na kafa a kusurwa. An gama cin gasasshiyar dinya, an kawo wani ƙaton kwano na giya mai zafi yana tururi an dire tsakiyar tebur, kowa ya kunna lofe. Aka rufe tagogi don a ga tartsatsi sosai. Ɗakin ya zama kamar cikin tukunya.

Jethro ya shigo da sabuwar riga, ya rusuna sau uku. Ya yi jawabi na rabin sa'a, Latin ɗin da ya sani duk ya zazzage, limamin coci na murmushi cikin kofinsa. Da ya gama ya ɗauki cokalin azurfa, ya zuba barasa, ya miƙa wa Dokta Fewtrell da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan girma naka ne. Kai za ka riƙe."

Sannan ya cire safarsa yatsa-yatsa, a hankali, don kowa ya gani. Hannun kam ya yi kyau. Fari sol, lumus, kamar na amarya. Ya ɗora a kan gilashi ya ce, "Juya."

Na juya. Doktan ya kai cokali kusa da bututu. Shiru. Na ƙara ƙarfi. Shiru. Ina kallon ƙwallon, ga zoben maiƙo ya zagaye shi, yana ƙyalli a hasken murhu. Kakin kwana goma ba ya fita da wankin safiya ɗaya, ga kuma gumin tsoro ya ƙaru a kai.

Sir Giles ya ce, "Maddock, wutar taka tana hanya ne daga London?"

Limamin coci ya ce, "Ko a aika gidan ubansa a karɓo kyandir."

Suka kwashe da dariya, wani har yana dukan tebur. Doktan ya ce hannunsa ya gaji.

Jethro ya sunkuyo ya ce mini, "Da ƙarfi, Enos, don Allah da ƙarfi!"

Na ce, "Ko in juya har tashin ƙiyama. Hannunka ne."

Ya goge a riga, ya sake ɗorawa. Ya canza na hagu. Hular gashinsa ta karkace, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan gilashin. Lauya ya ciro agogo ya duba. Da Jethro ya ga haka sai ya juya ga Sir Giles.

"Ranka ya daɗe, in an yarda... akwai yayata."

Dokta ya ce, "Doka fa?"

Sir Giles ya share hawayen dariya ya ce, "Ni na kafa ta, na ɗage ta na minti goma. A kawo matar. Rabona da nishaɗi haka tun da dokin lauya ya jefa shi a kwata."

Na fita zan ruga majema, sai matar mai masauki ta nuna mini ɗakin girki da haɓa. Keziah na zaune gaban tanda, ta shimfiɗa tafukanta biyu ga wuta. An ce ta fi awa guda a haka.

Ta ce, "Ya gama zama babban mutum?"

Na ce, "Ya gama."

Ta shiga ɗakin da zanen aikinta, ta ɗan russuna ta ce, "Barkanku da hutawa, ranku ya daɗe." Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta dubi gilashin, ta yi tsaki. "A fitar da kwanon nan mai tururi. A buɗe taga ɗaya." Ba wanda ya motsa, don ba a taɓa ba su umarni a ɗakin nan ba. Sai ta ɗauki kwanon da kanta ta kai waje. Ta ciro ƙwallon, ta goge shi da alli da gefen zane, ta gasa shi a murhu tana jujjuyawa kamar mai gasa masara, ta mayar.

"Yallaɓai, ɗan matsa baya da lofen nan. Enos, juya."

Ban kai juyi talatin ba na ji gilashin ya fara ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Doktan ya miƙa cokali yana kau da fuska. Ƙas. Wuta ta tashi shuɗiya a cikin cokalin, ta haska fuskoki bakwai da baki buɗe. Limamin coci ya ja kujerarsa baya. Sir Giles ya ce a sake. Aka sake har sau huɗu, ba ta ƙi ba ko sau ɗaya.

Jethro ya dawo cikin hayyacinsa, ya gyara hula, ya zaro takardar da ya rubuta tun mako guda, ya shimfiɗa a tebur da alƙalami. Lauya ya ɗauka ya karanta a fili har ya zo inda aka ce, ni Jethro Maddock, da hannuna. Ya tsaya.

"Wannan kam ba mu gani ba. Ba kai ke ce wa manoma gani ya kori ji ba?"

"To a goge wurin, ranka ya daɗe, a bar sunan kawai."

"A bar shi a matsayin wa? Ƙafa ta wancan ce, hannu na waccan ne. Ita kuwa ba ma aika sunan majemiya London a yi mana dariya."

Dokta Fewtrell ya ajiye cokali a hankali ya ce, "Maddock, wutar a ina ta kama?"

"A cokali, ranka ya daɗe."

"Cokalin a hannun wa yake?"

Jethro ya ce, "A hannunka, ranka ya daɗe."

"To."

Aka kawo sabuwar takarda. Aka rubuta cewa Dokta Fewtrell ya kunna barasa da tartsatsi a gaban mutum shida masu mutunci, da taimakon wasu ma'aikata uku na garin. Suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Ina jira in ga Jethro ya kifar da tebur, ko ya tattara kayansa ya fita. Sai na ga ya ɗauki yashi ya barbaɗa a kan tawadar don ta bushe, ya rusuna ya miƙa wa Dokta.

A kan matakala ya ce, "Yaya..."

Ta ce, "Ka huta. Yanzu mu uku ne a bayan zanen."

Amsar London ta zo bayan wata biyu, wai an gode, amma an riga an yi haka a can tun bara. Doktan ya ɗaga kafaɗa ya koma kan dinyarsa. Amma wasan ya yi wa teburin daɗi, sai suka ce Jethro ya riƙa zuwa duk Alhamis yana nuna musu abubuwa bayan cin abinci. Ya zo yana gaya mini har da tsalle, wai an buɗe masa ƙofa. An buɗe kam. Yakan shiga ya tsaya a gefen murhu, su suna zaune, in an gama a ba shi ragowar nama a ɗakin girki. Da Dokta ya ce bai dace mutumin teburin ya riƙa yi wa manoma wasa a saman barga ba, sai Jethro ya rufe ɗakin ranar kasuwa, bai ko yi wa mutane sallama ba. Wat ya tare shi a hanya ya ce, "Ɗan kitse, yaushe za a sake? Na kawo surukina daga ƙauye ya ga ƙoren nan." Jethro ya wuce kamar da bango ake magana.

Keziah ba ta sake taɓa gilashin ba. Ta zauna ta ɗinka ɗan matashi na fatar alif, ta cusa masa gashin doki, ta ce in ɗaura shi a jikin katako ya riƙa gogar ƙwallon. Ya yi aiki, bai kai nata ba, amma ya yi. Ta aika masa da shi ta hannuna ta ce, "Ka ce masa ga hannu nan. Wannan ba ya jin abin da ake faɗa a kansa."

Shekara tara yana tsaye a gefen murhu. Da ɗaya daga cikin 'yan gadon nan ya koma garin Bath aka sami kujera ba kowa, sai ya yi ƙarfin hali ya roƙi a jefa masa wake. Haka suke yi in za a ɗauki sabon mutum: a zagaya da akwati mai rufi, kowa ya sa hannu ya saki wake ɗaya, fari in ya yarda, baƙi in ya ƙi, kuma baƙi ɗaya ya isa. Mai tafiya Bath ɗin ma ya tsaya ya jefa nasa kafin ya tafi. Aka ce Jethro ya jira a waje. Ina tare da shi a barandar, muna jin waken na faɗawa ɗaya-ɗaya, yana ƙirgawa da leɓe. Lauya ya leƙo ya ce ba a dace ba, amma ana sa ran ganinsa Alhamis mai zuwa kamar kullum, kuma ya zo da ƙararrawar nan.

Matar mai masauki ce ke zubar da akwatin. Don ta sanyaya masa rai ta gaya masa abin da bai kamata ta faɗa ba: shida baƙi, ɗaya fari.

Wannan farin wake shi ya ci sauran rayuwarsa. Wani mutum da ya ji shida sun ƙi shi, da ya kama gabansa. Jethro kuwa ɗayan ya riƙe. Tun da bai san ko wane ne ba, sai ya ƙara zurfin rusunawa ga dukkansu, ko da shi ne. In lauya ya yi masa murmushi a hanya, ya yini yana cewa lauya ne. In limamin coci ya tambaye shi lafiyar ƙirjinsa, ya koma kansa. Da suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba jana'izar da bai bi ba, can a baya, cikin ruwa, hula a hannu. Jana'izar Keziah kuwa ta faɗo ranar Alhamis. Ya zo, amma bai jira aka gama rufe ƙasa ba, don ƙarfe biyu ta kusa.

Ni na san mai waken. Matar mai masauki ta gaya mini shekaru bayan haka, tana dariya har tana tari. A lokacin yanar ido ta rufe wa Sir Giles gani, ba ya bambance fari da baƙi. Da tana zuba masa giya ya miƙo mata tafinsa ya ce, "Ke, wanne ne baƙin?" Ita kuwa ranar ya zage ta a kan miya, sai ta nuna masa farin.

Ban gaya wa Jethro ba. Na sha ɗaukar maganar zuwa bakin ƙofarsa in komo da ita.

Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya, a ɗakin haya a bayan kasuwar shanu. Ni ke kai masa romo da hantsi. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannun rigata ya ce, "Enos, na yi ta tunani. Dokta ne. Ya san abin da ya yi mini a kan cokalin nan, ransa bai ba shi ba, shi ne ya saka mini a ɓoye. Mutumin kirki ne, ba a gane shi ba ne kawai."

Na ce masa mai yiwuwa ne, ya sha romonsa kafin ya huce.